Fentin Brekke Ba Ya Ɓarewa

Duk wanda ya tashi a garin Great Falls na Amurka ya san motar Torvald Brekke, wata tsohuwar a-kori-kura mai yawan tari, wadda aka rubuta wa a ƙofa da jan fenti: FENTIN BREKKE BA YA ƁAREWA. Motar ta ci tsatsa, kujerarta ta fashe, amma rubutun yana nan raɗau. Kuma ba cika baki ba ne. Shekara arba'in mutumin nan yana rubuta sunayen shaguna da na rumbunan alkama, iska ta kaɗa, rana ta gasa, ƙanƙara ta daka, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Matarsa ta rasu, Allah bai ba shi haihuwa ba, gidan da yake ciki na haya ne. Wannan layi ɗaya shi ne duk abin da ya mallaka, kuma ya gwammace a mare shi a tsakiyar titi da a ce ƙarya ne.

Da yaƙi ya yi tsanani masu shaguna suka daina sabunta alluna, sai aka kira shi aiki a filin jirgin soja da ke bayan gari, a watan Afrilu na 1943. Jiragen yaƙi ake kawowa sababbi fil daga masana'anta, a kintsa su, matuƙanmu su bi da su arewa ta Kanada har Alaska, can mutanen Rasha su karɓa su tsallaka da su gida su fuskanci Jamus. Aikin Torvald shi ne tambari: farar da'ira mai faɗin tayar babbar mota, da jan tauraro a tsakiyarta, huɗu a kowane jirgi.

Shi kuwa Torvald mutum ne da ba ya iya haɗiye tambaya. Tun ranar farko ya tare Kyaftin Pruitt, shugaban rumfar jiragen, ya ce shi a hotunan jarida bai taɓa ganin fari a bayan tauraron Rashawa ba, to na mene ne?

"Umarni ne daga sama, Mista Brekke," in ji Kyaftin. "Yaranmu ne ke tuƙa su har Alaska, masu harbo jirage a can kuwa duk a firgice suke. Da sun hango ja a fiffike sai su ce Japan ce, su buɗe wuta, tambaya ta biyo baya. Farin nan shi ke ce musu namu ne."

Amsar ta gamsar da shi. Ya ɗauki buroshi.

Wadda ke riƙe masa kwalin da aka yanke siffar tauraron ita ce Hulda Reiswig, mace mai jiki, mai shekara hamsin da ɗoriya, wadda bakinta ba ya hutawa. Ɗanta ɗaya tilo yana cikin jirgin ruwan yaƙi a tekun Pasifik, saboda haka kowane jirgi aka turo rumfar sai ta yi masa kallon kuɗin da aka zare mata daga jaka.

"Dubi wannan, Tsoho, sabo dal. Yarona ya rubuto ya ce sai su yi mako ba su ga jirginmu ko ɗaya a sama ba. Mu kuma muna nan muna yi wa na 'yan gurguzu kwalliya."

"Riƙe kwalin daidai, uwar surutu, kin karkatar."

"An rage mana sukari, an rage mana kofi, tayar mota ta gagara. Ƙarfenmu, guminmu, a miƙa wa mutanen da ko sannu ba su iya ba. Su yi nasu mana!"

"Ai suna yin nasu. Ba kya karanta jarida?"

"Jarida na kunna murhu da ita."

Mutumin da bai iya sannun ba shi ne Manjo Zubarev, wanda Rasha ta aiko ya duba kowane jirgi kafin ya tashi. Gajere ne kakkaura, yana ɗingishi, ba ya jin Turanci sai kalma uku, kuma duka ukun na ƙin amincewa ne. Yakan shiga ƙarƙashin jirgi, ya leƙa inji, ya ja waya, ya ƙwanƙwasa taya, makanikai na biye da shi suna zaginsa a zuci. Idan ya gama duk wannan, sai ya zo gaban farar da'irar, ya sa farcen babban yatsansa ya kankara. Ya duba farcen. Ya furta wata kalma ɗaya da yarensu, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya wuce.

Karon farko da Torvald ya ga haka, sai da kunnuwansa suka yi ja. A shekara arba'in, ko mai banki bai taɓa sa farce a aikinsa ba. Amma da fushin ya lafa, abin ya koma ɗaure masa kai. Ya lura Manjo ba ya taɓa jan, farin kawai yake kankara. Ya lura kuma in ya duba farcen ya gan shi fes, fuskarsa ba ta sakewa, ƙara ɗaurewa take.

"Me kike ganin yake nema?" ya tambayi Hulda suna cin abincin rana a kan akwati.

"Camfi ne. Ƙila haka suke sa wa jirgi albarka a garinsu."

"Da farce?"

"To ko yana duba in ka sa guba ne. Ni na sani?"

"Kin sani mana. Jiya da ya faɗi kalmar nan na ga kin ƙunshe dariya."

Hulda ta waiga hagu da dama. Iyayenta Jamusawa ne da suka daɗe zaune a Rasha kafin su yi ƙaura zuwa Dakota, kuma a bakin kakarta ta tsinci Rashanci. "Rufa min asiri, Tsoho. Jamusanci a gida, Rashanci a baka, a wannan zamanin? So kake a kai ni ofis a yi ta min tambayoyi? Kalmar dai zagi ce, kuma ba irin wanda ake maimaitawa ana cin abinci ba."

Zagi! Torvald ya aje burodinsa ya nufi ofishin Kyaftin. Kyaftin bai ko ɗago kai daga takardu ba, ya ce eh, Manjo ya rubuta wasiƙa ta kai biyar zuwa sama a kan farin nan, amma wannan maganar manya ce, shi dai ya ci gaba da aikinsa.

Wasiƙa biyar a kan fentinsa. A hanyar komawa gida Torvald ya warware wa kansa matsalar tsaf, yadda mai sana'a kan warware komai ta ƙofar sana'arsa. Fari shi ne launin da ya fi wuyar kama ƙarfe, duk mai fenti ya san haka. Ashe gajeren nan ya san aiki! Yana jin tsoron sanyin ƙasarsu zai fasa farin ne, shi ya sa yake gwadawa. Nan take Torvald ya ji mutumin ya ɗan burge shi, ya kuma sha alwashin sai ya nuna masa wane ne Brekke.

Ya fara da goge ƙarfen da takardar yashi kafin ya shafa. Manjo ya kankara, ya yi zagi. Ya koma shafi biyu. Manjo ya kankara, ya yi zagi. Ya koma uku, ya kawo wani haɗin mai da ya gada wurin ubangidansa na farko, wanda bai taɓa gaya wa kowa sirrinsa ba. Daga baya har fitilun dumama inji ya riƙa arowa yana gasa fentin da su. Hulda ta ce in ya ci gaba a haka, jirgin zai ruɓe tambarin ya ci gaba da tashi shi kaɗai. Tun daga Mayu har Oktoba ake wannan kokawa, ba wanda ya ce wa wani uffan, kuma kowane jirgi ya bar rumfar da fari mai ɗaukar ido.

Wata safiya a Oktoba Manjo ya sa farce, farcen ya karye. Ya ciro wuƙa daga aljihu ya kankara, bakin wuƙar ya zame ko alama bai bari ba. Torvald na tsaye a gefe ya harɗe hannuwa, gashin bakinsa har rawa yake don daɗi. Jira yake mutumin ya juyo ya miƙa masa hannu.

Manjo bai juyo ba. Ko zagin bai yi ba. Ya ja ƙafarsa ya zauna a kan akwati, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ƙura wa farin ido.

Torvald ya sha ganin fuskar wanda aka kayar a gardama, wannan kuwa ba ita ba ce. Irin zaman nan ya san shi, shi ne zaman da ya yi a barandar asibiti ranar da likita ya fito daga ɗakin matarsa. Daɗin da yake ji ya gushe, tambayar ta dawo masa. Ya tsiyaya kofi a murfin gorarsa, ya kamo hannun rigar Hulda.

"Yau sai kin tambaye shi."

"Sake ni, Tsoho! Na gaya maka..."

"In an kai ki ofis, tare za a kai mu. Ki ce masa me fentina ya yi masa."

Ta yi tsaki, ta share hannu a gaban riga, ta yi wa Manjo magana da Rashancin kakanni, tana yi tana lalubo kalmomi. Manjo ya ɗago a razane. Ya dubi Hulda, ya dubi kofin, ya dubi Torvald. An hana shi hira da ma'aikata, wannan kowa ya sani. Ya karɓi kofin ya shanye, ya tashi ya ɗingisa zuwa ɗan ofishinsa, ya dawo da wani abu a naɗe cikin jarida.

Guntun ƙarfen jikin jirgi ne, faɗinsa bai fi faranti ba, an yanko shi da almakashin ƙarfe. Fari ne tas, da ɗan ja a gefe guda. Akwai huji biyar a jiki, kusa da juna.

Torvald ya karɓa ya juya shi wajen haske. Kuma abin kunyar da bai taɓa yafe wa kansa ba shi ne, abin da ya fara zuwa masa a rai murna ce. Aikinsa ne, ya gane shafin buroshinsa. Harsashi ya huda ƙarfen har sau biyar, amma fentin ko tsagewa bai yi ba a bakin hujin. Sai da ya gama yaba wannan sannan ya tambayi kansa me ya tara hujin wuri ɗaya.

Manjo na magana a hankali, Hulda na juyawa, muryarta na ƙara yin ƙasa.

"Ya ce a can, farin nan daga nesa ake hango shi, a sama da ƙasa. Bajamushe ba ya wahalar nema, farin yake saitawa. Ya ce a jikin jirgi kuma, farin dab da bayan matuƙi yake." Ta tsaya ta saurara. "Ya ce a bakin daga babu fenti, babu rumfa. Jirgi ya iso da safe, da azahar ya tashi faɗa. Da can makanikansu kan goge farin da fetur da yashi, ya fita, don na masana'anta shafi ɗaya ne. Tun bazarar nan kuwa ya daina fita. Da wuƙa suke bi har hannu ya yi jini, ba ya fita."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ya ce ya faɗa, a rubuce, sau bakwai. Manyanmu suka ce farin na kare yaranmu, manyansu suka ce kada ya ɓata wa masu kyauta rai a kan fenti. Wannan guntun wani matuƙi ne ya ba da aka kawo masa ta Alaska, don ya haɗa da wasiƙa ta takwas." Manjo ya ƙara wata magana gajeriya, har da ɗan murmushin da ba na daɗi ba. Hulda ta juya maganar. "Ya ce a can suna tambaya, wai wane shaiɗani ne Amurka ta samu mai iya fenti haka."

Wata shida Torvald yana jiran yabo daga bakin mutumin nan, ga shi ya samu. Ya zauna a kan akwatin da Manjo ya tashi. Bai tambayi abin da ya sami matuƙin jirgin da aka yanko guntun ba. Hulda ce ta tambaya, da ta ji amsar kuma ba ta juya masa ba, ta dai ce yaron shekararsa ashirin da ɗaya, sa'an ɗanta.

Kwana tara bai yi wa kowa wasa ba. Umarni dai ba ya sauyuwa, kuma yaran da ke bi ta Alaska su ma 'ya'yan mutane ne. Abin da ake bukata fenti ne da zai jure ruwa da iska da dusar ƙanƙara har can, sannan ya fita da shafa ɗaya. Wato mugun fenti, irin wanda ya kwashe shekara arba'in yana raina masu yin sa. Ya kuma tarar yin mugun fenti da gangan ya fi yin mai kyau wuya. Kullum da yamma ya tashi aiki sai ya shafa haɗi iri-iri a kan murfin injin motarsa, ya bi titin rumbunan alkama a guje yana fuskantar iska, ya dawo ya kwara ruwa, ya duba. Na farko ruwa ya wanke. Na huɗu ya ƙi fita ko da fetur, don hannunsa ya saba da kirki. A na goma sha ɗaya ya dace: alli da ƙaron itace da kananzir. Ruwa ba ya taɓa shi, fetur kuwa na lashe shi nan take.

Ya sauya tsarin aikin ma. Da, farin yake fara shafawa ya ɗora tauraro a kai. Yanzu tauraron zai fara zaunawa a kan koren jikin jirgin da fenti na gaske, sannan a zagaye shi da farin alli.

Ya je wurin Kyaftin Pruitt. "Yallaɓai, takardar nan ta sama, cewa ta yi fari. Ta faɗi wane irin fari?"

Kyaftin ya dube shi. Ba wawa ba ne, kuma wasiƙun Manjo ta teburinsa suke bi. "Fari ta ce."

"To shi ke nan."

"Tsaya, Mista Brekke. Ni ban ji komai ba. In wani ya tambaya me ya sa fentin rumfar nan ya lalace, sunanka zan faɗa, ba nawa ba. Kuma abin da aka gani a nan ba a kai shi gari, ko a coci, ko wurin aski. Ka gane?"

Ya gane sarai. Ya sa hularsa ya fita.

Ranar da jirgin farko ya bushe, Manjo ya gama zagayensa ya zo gaban farin. Ya lura ba ya sheƙi. Ya sa farcen ɗaya hannun ya kankara, ya duba, ya ga ɗan gari fari. Torvald ya tsoma tsumma a gwangwanin fetur ya miƙa masa. Shafa ɗaya, kore ya bayyana. Manjo ya sake shafawa, ya sake, kamar yaron da aka ba allo ya wanke, har ya cinye rabin da'irar, jan tauraron na nan daram. Sai ya yar da tsumman, ya cafko Torvald ta kafaɗu, ya sumbace shi a kumatu, dama, hagu, dama. Torvald, wanda ko matarsa bai taɓa riƙe wa hannu a gaban mutane ba, ya sandare yana ƙifta ido. Hulda ta yi dariya har da riƙe ciki, tana yi tana share hawaye.

"Ki ce masa ya ɓata min aiki, sai na sake shafawa," in ji Torvald.

Washegari ta zo da burodinta mai kabeji da nama a ciki guda uku maimakon biyu. Ta aje ɗaya a kan littafin Manjo, ta ce wai ya yi mata yawa ne.

Ba a yi mako biyu ba masu zuba mai suka ɗiga fetur a fiffike, farin ya zubo kamar nono a idon kowa. Kafin Lahadi labari ya gama gari. Ran Asabar da safe Torvald ya shiga shagon shan kofi, sai Lyle Tuttle mai aski ya ɗaga murya daga can ƙurya.

"A'a, ga Mista Brekke! An ce yanzu fentinka har gida yake raka mutane a jikin wando."

Aka kwashe da dariya. Mai shagon takalma ya ce shi dama yana son sabon allo, amma bari ya jira ɗan'uwan matarsa ya zo daga Helena ya rubuta masa. Wani ya ce tsufa ne, ba laifin kowa ba, ido da hannu ai ba sa dawwama. Wannan mai tausayin ya fi sauran yi masa ciwo. Amsar tana bakinsa, jimla biyu ta isa ta rufe bakin kowa a shagon. Ya buɗe baki, ya tuna guntun ƙarfen nan mai huji biyar, ya kai kofi bakin ya kurɓa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya san zai daɗe a ɓace.

Da rana Hulda ta biyo ta gidansa za ta kasuwa, ta same shi durƙushe a gaban ƙofar motar da wuƙa a hannu. Yana ta kankarar rubutun, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ko harafi ɗaya bai girgiza ba.

"Me kake yi haka, Tsoho?"

"Ba na yawo da ƙarya a jikin mota."

"To ai ga shi ya ƙi fita."

"Na gani," ya ce, sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ba ta da nisa da kuka.

Ya tashi ya shiga rumfar kayansa, ya fito da gwangwanin farin alli da buroshi. A nutse ya bi rubutun ya rufe shi, harafi bayan harafi, gefen ya fita a miƙe kamar an ja da zare, don ko mugun fenti ne ba ya shafa shi a karkace. Ya ja da baya ya duba.

"Har a gama yaƙin," ya ce. "Tsumma ɗaya ne da ɗan fetur."

Hulda ta dubi furfurarsa. Ita ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

"In kuma yaƙin ya riga ya gama da kai fa?"

Torvald ya goge buroshin a bakin gwangwani, ya mayar da murfin ya danna.

"Ai kin san inda nake aje tsumman."